Daga Zariya zuwa Abijan a kan mashin ta bakin teku, mutum shi kaɗai: amsa ga ƙanenmu na Samaru

Wani ƙanenmu ɗan Samaru ya yi tambaya, ya ce yana da Boxer 150 da bai fi shekara biyu a hannunsa ba, ya gama bautar ƙasa, kuma bai taɓa ganin teku ba sai a waya, yanzu so yake ya hau mashin ɗinsa shi kaɗai daga Zariya ya gangara Legas sannan ya bi bakin ruwa ta Kwatano da Lome da Akara har Abijan. Yana so ya san ko mashin ɗin zai iya, kwana nawa zai ɗauka, me zai riƙe, kuma wai ko hauka ne kamar yadda ake faɗa masa a gida.

Toh ƙanena, ba hauka bane. Ni aikina gyaran mashin ne a Sabon Gari kuma na sha bin wannan hanyar a kan babur, don haka abin da zan faɗa maka ba jita-jita bane. Mashin ɗinka zai iya, wannan ma ka cire shi a cikin damuwarka, Boxer ɗin da ke ɗaukar buhu biyu na masara da mai buhun daga Giwa zuwa Tudun Wada ai ba nauyinka da 'yar jakarka ne zai kayar da shi ba. A 2022 wani ɗan Najeriya mai suna Kunle Adeyanju ya taso a kan babur tun daga Landan har Legas cikin kwana 40, ta nan gaɓar ya ƙarasa gida, amma kar ka ce sai irin nasa babba, domin a wannan hanyar ƙaramin mashin ya ma fi rufin asiri tunda duk ƙauyen da ka tsaya akwai mai gyara da ya san cikinsa kuma akwai kayan gyaransa a shago. Abin da ke mayar da mutane gida tun ba su je ko'ina ba takardu ne, da Legas, da gajiyar da mutum bai san ta kama shi ba. Injin shi ne na ƙarshe.

Fara da duba taswira da idon basira tukuna. Daga Legas zuwa Abijan kilomita 1,028 ne, ƙasa biyar, boda huɗu. Daga Zariya zuwa Legas ta Abuja shi ma kusan dubu ɗaya ne. Kaga kenan rabin tafiyarka ko ƙanshin teku babu, kwalta ce da tireloli da shingen jami'an tsaro. Sannan ita kanta hanyar da ake kira ta bakin teku ba ko'ina take manne da ruwa ba, wurare da yawa tana shigewa cikin ƙasa ka yi awa biyu ba ka ga komai ba sai itatuwan kwakwa da gonakin rogo, inda za ka ga ruwan sosai kana kan mashin shi ne daga Grand-Popo zuwa Aneho zuwa Lome, sai tsakanin Cape Coast da Elmina, sai kuma daga Grand-Bassam ka shiga Abijan. Sauran sai ka sauka daga babban titi da kanka ka neme shi. In kuma kana tunanin me zai hana ka bi gaɓar Najeriya ta gabas, can fadama ce da rassan kogi, ba hanya a bakin ruwan, titin Legas zuwa Kalaba da aka fara a 2024 har yanzu aiki ake.

Shawarata a kan rabin farko, kuma na san ba za ta yi maka daɗi ba, ka ɗora mashin ɗin a mota zuwa Ibadan kai kuma ka bi bas. Ba don nisa ba. Saurayi shi kaɗai a kan Boxer da jaka ɗaure a baya a hanyar daji, a wannan zamanin kowa kallon tuhuma yake masa, jami'in tsaro yana zarginka, ɗan banga yana zarginka, su kuma mutanen dajin mashin ɗin suke so fiye da kai. Hanyar Birnin Gwari zuwa Tegina kar ma ka sa ta a lissafi. In ka nace sai ka tuƙa da kanka, to Kaduna, Zuba, Gwagwalada, Lokoja, Okene, Owo, Akure, Ife, Ibadan, ka raba ta kwana uku, kar ka shiga cikin garin Abuja don an hana mashin irin naka a tsakiyar birni, kuma kowace safiya kafin ka tashi ka je tasha ka tambayi direbobin da suka iso da asuba yaya hanya, su ne ke da labarin jiya da daddare. Inda sojoji suka ce a sauka a tura, ka kashe ka sauka ka tura ba musu. Abin da ban yarda da shi ba sam shi ne ka hau saman tirela kai da mashin kamar yadda yaranmu masu tafiya acaba kudu suke yi, ka ba da mashin a rubuta maka takardar kaya ka karɓi lambar direba, kai ka zauna a kujera.

Sai maganar Legas. Dokar jihar ta hana duk babur da bai kai 200cc ba hawa manyan tituna da gadoji, kuma tun watan Yunin 2022 aka hana acaba gaba ɗaya a wasu ƙananan hukumomi irin su Ikeja da Surulere da Apapa. Kai ka san kai matafiyi ne, amma wanda zai tare ka Bahaushe ya gani a kan Boxer, a wurinsa ɗan acaba ne kawai, kuma mashinan da aka kama da yawa murƙushe su ake yi, ba tara ba ce da za ka biya ka karɓi abinka. Don haka ka kewaye ta. Daga Ibadan ka yi Abeokuta, ka bi ta Ilaro zuwa Owode ka fita ta bodar Idiroko, ƙetaren ta Igolo ne a ƙasar Benin, 'yar tafiya kaɗan kana Porto-Novo, daga nan kamar kilomita 30 kana Kwatano. Ka tsira daga Legas ka tsira daga tarin shingayen da ke tsakanin Badagry da Seme. In Legas kake son gani, ka ajiye mashin wurin mutanenmu a Sabo Ibadan ka hau mota ka je ka dawo.

Yanzu takardu, nan ne nake so ka nutsu. Na farko, mashin ɗin da sunan wa yake? Domin mu nan Zariya mutum zai sayi mashin hannu na uku, rasit ɗin da sunan wani Alhaji na Kano, ba lamba, ba komai, kuma ya shekara biyar yana yawo daga Kwangila zuwa Ƙofar Doka ba wanda ya ce masa uffan. A boda wannan ba ya aiki. Kana buƙatar lamba, da takardar mallaka, da lasisin mashin na shekara wanda bai ƙare ba, duk da sunanka yadda yake a fasfo harafi da harafi, in fasfo ya ce Muhammad takardar mashin ta ce Mohammed to ka ba wani abin magana. Ka tsuguna da tocila ka karanta lambar injin da lambar bodi ka gwada da abin da aka rubuta, sifili ɗaya da aka mayar harafin O ya isa ya zaunar da kai a benci yini guda. Na biyu lasisin tuƙi na babur, ajin A, ba na mota ba, ka haɗa da na ƙasa da ƙasa. Na uku inshorar ECOWAS da ake kira Brown Card, wadda in ka buge wani a Togo ko Gana ita ce za ta tsaya maka, kamfanonin inshora ke bayarwa, ka tabbata kwanakinta sun rufe har dawowarka. Na huɗu fasfo, biza dai ba ka buƙata, ɗan ECOWAS yana da kwana 90. Na biyar katin rigakafin shawara, wannan mai ruwan ɗorawa, allura ɗaya ce ta har abada amma ba a lissafa ta sai ta kwana 10 a jikinka, saboda haka wanda ya yi ta ana jibi zai tashi ya yi aikin banza. Kuma ka yi allurar da gaske, kar ka sayi katin a hannun wani.

Kowace ƙasa ka shiga kwastan ɗinsu za su ba mashin takardar shiga ta wucin gadi, a ƙasashen Faransanci lesefase suke ce mata, ka tambayi kwana nawa aka rubuta, ka adana ta kamar fasfo don ita za ka nuna a hanya kuma ita za a nema in za ka fita. Komai ka yi masa kwafi uku ka sa a leda, ka ɗauki hotonsu a waya ka tura wa wani a gida.

A bodar kanta kuwa, tun kafin ka kashe mashin samari za su yanyame ka, wannan ya ce kawo fasfo in buga maka, wancan ya riƙe maka jaka, wasu ma da Hausa za su yi maka magana har ka ji kamar ka ga ɗan'uwa. Fasfo ba ya barin hannunka sai zuwa hannun mai kaki da ke zaune a bayan tebur. Ka ajiye mashin inda idonka ke kai, ka bi ofis-ofis da ƙafarka, lafiya, shige da fice, kwastan. Ka duba da idonka an buga maka hatimin fita an buga na shiga kuma kwanan watan daidai ne, don in babu hatimin shiga to boda ta gaba ce za ta kama ka, kuma a can ba ka da bakin magana. Za a nemi na goro, musamman da yake fasfonka sabo ne ba a taɓa bugawa ba, ni dai abin da nake yi in gaisa da kyau, in tambaya ko akwai rasit, in babu in yi murmushi in zauna kamar ba inda za ni, mai gaggawa shi ke biya da tsada. Ƙananan kuɗi a aljihun gaba, manya a wani wuri daban. Ka isa boda da hantsi, kar ka isa da la'asar. Kuma kar ka kuskura ka ɗauro jarkar fetur, ko ka karɓi saƙon wani a ƙulle ka tsallaka da shi, ko da kuwa ya ce maganin tsohuwarsa ne.

Kwatano garin mashin ne, za ka ga 'yan acabansu da ake kira zemijan da riguna ruwan ɗorawa kamar an buɗe dam, nan ba wanda zai kalle ka sau biyu. Amma suna da doka, hular kwano dole ce, kuma a manyan tituna akwai layin mashin a gefe, ka bi inda ka ga sauran suna bi kar ka hau na motoci. Fetur ɗin kwalba da ake jerawa a bakin titi suna ce masa kpayo, namu ne aka tsallaka da shi, tun da aka cire tallafi a 2023 arharsa ta ragu, kuma ba ka san me aka haɗa a ciki ba, tankinka lita 11 ne zai kai ka sama da kilomita 300 saboda haka ba abin da zai hana ka jira gidan mai. In dole ta sa, ka tace da ƙyalle. Daga Kwatano zuwa Wida, wato Ouidah, kamar kilomita 40 ne, ka tsaya ka bi hanyar nan ta kusan kilomita 4 da aka riƙa kora bayi daga gari zuwa bakin ruwa, a ƙarshenta akwai ƙofar tunawa da aka gina a 1995. Wurin yana da nauyi a zuciya, kuma cikin waɗanda aka fitar ta wannan gaɓar har da Hausawa, wasunsu a Bahia ta ƙasar Barazil suka ƙare.

A nan ne kuma za ka fara jin kwaɗayin sauka kan yashi da mashin don hoto. Yashin bakin teku ba irin na rafin Kubanni bane, busasshen yana haɗiye taya har gindin injin, jiƙaƙƙen kuma yana da tauri amma ruwan gishiri ne kake fesa wa mashin ɗinka ta ƙasa. In hanya ta kai ka cikin yashi, ka rage iskar taya kaɗan, giya ta biyu, ka ja jikinka baya, ka riƙe mai daidai ba ƙari ba ragi, kar ka taɓa birkin gaba, kan mashin zai riƙa rawa ka bar shi ya yi rawarsa kar ka danne shi da ƙarfi, in ka koma kwalta ka nemi mai faci ya mayar maka da iska. Shi kuma ruwan, don Allah ƙanena ka ji wannan, kar ka shiga. Ko kana iyo a Galma tun kana firamare. Tekun wannan yankin yana da igiyar da ke ja ta ƙasa, kana tsaye ruwa iya gwiwa sai ka ji yashin da ke ƙarƙashin ƙafarka yana zarewa, kafin ka ankara wata igiyar ta zo ta kwashe ka, kuma kai kaɗai ne ba wanda zai ma san ka shiga. Ka tsaya inda kumfa ke ƙarewa, ka jiƙa ƙafa, ka ɗanɗana gishirin, ya isa.

Togo kam kafin ka gyara zama ta ƙare, daga Hillacondji, bodar Benin da Togo, zuwa Lome kamar kilomita 50 ne, kuma bodar Gana a cikin garin Lome take, titin bakin ruwa ne zai kai ka har ƙofar Aflao. Abu ɗaya, daga Togo zuwa gaba agogonsu yana bayan namu da awa ɗaya, ka gyara saboda lokutan sallah da kuma kiran gida.

Gana ce doguwar, kuma ita ce mai daɗin. Turanci ake yi, kuɗin ya koma sidi bayan sefa da ka riƙe a Benin da Togo, daga Aflao zuwa Akara kusan kilomita 190 ne, za ka haye kogin Volta ta gadar Sogakope. In kana da kwana ɗaya na banza ka karkata Keta, siririyar ƙasa ce tafki a dama teku a hagu. Fita daga Akara ta Kasoa ka yi ta da sassafe don cunkoson wurin ba a magana. Daga Akara zuwa Cape Coast kamar kilomita 150, hanyar mota ɗaya zuwa ɗaya dawowa ce a wurare da yawa, kuma ita ce na fi jin tsoro a duk tafiyar, manyan bas suna wuce juna a kan kwana su taho ta layinka suna maka fitila, ba ruwansu da kai, ka sauka gefe kawai ka ba su hanya, za ka ma ga alluna a bakin titi an rubuta adadin waɗanda suka mutu a wurin. Ga tudun rage gudu a bakin kowane ƙauye, wasu ba fenti. Ka kwana biyu a wannan yankin, ka shiga gidan bayi na Cape Coast da na Elmina wanda Turawan Fotugal suka gina a 1482, ka tsaya a kan gadar Elmina da safe lokacin da jiragen masunta ke shigowa da tutoci kala-kala mata na jiransu da manyan bahuna, wannan kaɗai ya biya kuɗin man da ka ƙona. Daga Takoradi hanya ta bar ruwa ta shiga gonakin roba zuwa Elubo, ka tsallaka Noe ka shiga Kodebuwa, Faransanci da sefa sun dawo, Aboisso, Grand-Bassam, Abijan.

Ka ce kai kaɗai za ka tafi, to a kan mashin ne kawai kake kai kaɗai. Kakanninmu fataken goro sun riga ka bin ƙasashen nan zuwa Gwanja da jakuna, kuma kusan duk babban garin da na lissafa akwai zango, Kwatano akwai, Lome akwai, Akara ga Nima ga Sabon Zango, Abijan ka nemi Treichville ko Adjame. In ka shiga gari da la'asar ka nemi masallaci ko mai tsire ko mai shayi ka yi sallama da Hausa, ka ce baƙo ne daga Zazzau, ka tambayi gidan sarkin zango ko limami, ka je ka gaishe su da ladabi ka faɗi abin da ya kawo ka. Ba wai ka je ka zame musu kaya ba, ka biya kuɗin masaukinka, amma su za su nuna maka wurin kwana mai tsakar gida da za a kulle mashin, su faɗa maka wane ɗan canji ne ba ya cuta, wane makanike ne na kirki, kuma in wani abu ya same ka akwai wanda ya san da zuwanka. Hausarsu ta ɗan bambanta, kar ka yi dariya. Koko da ƙosai da waken shinkafa da tuwon zafi duk za ka samu, ba ka da matsalar halal.

Shi mashin, kafin ka tashi ka kawo a yi masa sabis na gaske, ba wankin fulogi ba. Sabuwar sarƙa da haƙoranta gaba da baya a tare, tayoyi sababbi da tib mai kauri, takalmin birki, a ɗaure wayoyin ƙafa, a duba bawul, a canza wayar kuloci ka ɗaure tsohuwar a gefenta ta zama ta ajiya. Ka yi wannan da mako biyu kafin tafiya don abin da aka ɗaura ba daidai ba ya nuna kansa a gida. Guzurinsa tib ɗaya na gaba ɗaya na baya, kayan faci da ƙaramin famfo, fulogi biyu, ƙwan fitila, mahaɗin sarƙa, sifana 8 da 10 da 12 da 14 da 17, filaya, da igiyar roba. Baƙin mai ka yi juye duk kilomita dubu, ka saya a gidan mai a rufe. Abin da ba ka saba da shi ba a nan shi ne iskar gishiri, mu ƙura muka sani, can kuwa za ka kwanta sarƙa na ƙyalli ka tashi ta yi ja, salansa da kusoshi su fara tsatsa cikin kwana uku, wani lokaci mashin ya ƙi tashi da safe saboda laima ta shiga hular fulogi, ka cire ka goge ka busa shikenan. Duk yamma ka watsa masa ruwan famfo, ka goge sarƙa da tsumma ka ɗiga mata baƙin mai kaɗan. Kar ka cika ta da giris, in ya haɗu da yashi dutsen niƙa ka haɗa wa haƙoran. Injin ɗin iska ke sanyaya shi, ka riƙe 70 zuwa 80, duk awa ɗaya da rabi ka tsaya minti goma, kai ka huta shi ma ya huta.

Jikinka kuma shi ne wanda ba a sayar da kayan gyaransa. Kilomita 250 a rana ya ishe ka, ranar boda ma 150. Ka tashi bayan asuba in gari ya waye, ka sauka kafin la'asar sakaliya, dare a can faɗowa yake lokaci ɗaya wajen shida da rabi, kuma ba tafiyar dare ko da saura kilomita 20. Zafinsu ba irin namu bane, gumi ne ba ya bushewa, za ka ji kamar ka cire jaket da safar hannu, kar ka cire, kwalta ba ta san zafi ake ba. Hular kwano mai rufe haɓa, takalmi mai rufe idon sawu, ba silifas ba. Ka sha ruwa tun ba ka ji ƙishi ba, ka riƙe garin gishiri da sukari na kemis, gidan sauro, da maganin zazzaɓi. Barci yana zuwa ne bayan azahar in ka cika ciki, alamarsa sai ka ga ka wuce ƙauye ba ka tuna ka wuce shi ba, da ka ga haka ka nemi inuwa a gidan mai ka kwanta rabin awa. Ƙwayar hana barci ko tiramol kar ta shiga jakarka, ban da haɗarinta a kan titi, in aka same ta a boda gidan yari ne a ƙasar da ba ka da kowa. Sallah kana da rangwamen ƙasaru, ka tambayi malaminku hukuncinta kafin ka tashi.

Lokaci mafi kyau Nuwamba zuwa Fabrairu. Daminarsu biyu ce, babba daga Afrilu zuwa Yuli, ƙarama Satumba da Oktoba, kuma ruwan can in ya sauko ba ka ganin gabanka.

Kuɗi kar ka dogara da katin banki, ka riƙe tsaba ka raba wuri uku, ka canza kaɗan a boda sauran a cikin gari, ka ƙirga a gaban mai canji kafin ka miƙa naka. Ka koyi ƙirga da Faransanci da gaisuwa, za su rage maka asara. MTN akwai a Benin da Gana da Kodebuwa amma babu a Togo, ka sauke taswira a waya tun kana da data, kuma mutum ɗaya a gida ya san garin da za ka kwana kullum, in ka sauka ka kira shi.

Kwanaki kuwa, daga Ibadan zuwa Abijan ba gaggawa da tsayawa ganin wurare ka sa kwana 10 zuwa 12, dawowa mako guda, ka ga wata ɗaya kenan in ka haɗa da hanyar arewa da hutu. Ka yi lissafin kuɗin dawowa tun yanzu ka ware shi daban, don wasu sai sun kai can gajiya ta kama su su ce bari in sayar da mashin in hau mota, alhali da takardar wucin gadi ya shiga, sunanka na rubuce cewa za ka fita da shi, sayar da shi laifin kwastan ne. In ka ji ka ƙoshi a Elmina ka juya daga nan, ba wanda ya aike ka Abijan. Su Hajiya kuma kar ka tafi ba da yardarsu ba, ka zauna ka nuna musu takardun da garuruwan da za ka kwana, yawanci tsoronsu na rashin sanin inda kake ne. Kafin nan ka ɗaure duk kayan da za ka tafi da su yadda za ka ɗaure su ranar, ka sa hula da jaket, ka je Kano ka dawo a yini ɗaya, washegari ka sake, in ka tashi a rana ta uku bayanka da wuyanka suna cewa a ƙara to ka je ka yi allurar shawara a fara ƙirga kwana goman, ka kawo min mashin ɗin Sabon Gari da takardunsa mu gwada lambobin tare.